Mijin Goggo

Sharifu wanzami ya riga ya shimfiɗa zabirarsa a gindin itacen bedi lokacin da Mubaraka ta fito daga ɗaki da Mahfuz a kafaɗa. Tun shekaranjiya yaron ke zawo, ya daina kama nono. Goggo, uwar mijinta, ta yanke hukunci tun da hantsi: belu ne ya sauko masa a maƙogwaro, a yanke shi a huta.

Mahfuz ɗan fari ne, don haka a gaban manya Mubaraka ba ta da bakin magana a kansa. Ko sunansa ba ta faɗa. Ta taɓa gwadawa da damina, ranar da aka ɗura masa jiƙo ta ce, "Ɗana ne!" Jiƙon dai ya sha, ita kuma har kasuwar Dogarawa aka kai labarin rashin kunyarta. Uban yaro yana Abijan wajen biɗar kuɗi, babu mai tare mata.

Yau ta sake dabara. Ta durƙusa ta gaida Sharifu, ta aje masa fura, sannan ta miƙa wa tsohuwa yaron.

"Goggo, ga maigidanki. Ni hannuna rawa yake, ke za ki riƙe shi."

"Kawo min mijina," in ji Goggo. "Ragon miji, ko cefane bai iya ba sai kuka."

Sai dai yau babu kukan. Mubaraka ta zare masa hula kamar mai gyara, ta ɗage 'yar rigarsa. A wajen awon jarirai an nuna musu alamar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ta kuma ga alamar tun asuba. Amma ta san in daga bakinta maganar ta fito, ta mutu a nan.

"Goggo, ni ban san kan yara ba. Haka maɗigarsu take yi? Dube min, ke kika raini bakwai."

Goggo ta shafa tsakar kan, yatsanta ya faɗa cikin ɗan rami. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa.

Mubaraka ta juya wajen wanzami, idonta a ƙasa. "Baba, in an yanka jini yakan zuba da yawa?"

Sharifu ya leƙo ya dubi yaron da kyau. Ya mai da ƙarfensa cikin zabira a hankali. "Hajiya, wanga yaro ya bushe. Ba ni son in sa mishi ƙarfe yau."

"Wa ya ce ka sa mishi?" Goggo ta miƙe tana neman zanen goyo. "Ke, mi kike jira? Kira Alkasum ya ɗaura jaki. Gidan likita za mu."

Amalanken maƙwabcin nasu yana ƙofar gida, jaki a ɗaure. Mubaraka ta roƙe shi tun kafin wanzami ya iso. Goggo ba ta tambayi yadda aka yi ba.

Da la'asar, bayan ƙarin ruwa, Mahfuz ya buɗe ido ya tsala kukan da ya cika ɗakin, ya cafki nono kamar mai fushi. Malamar likita ta ce an kawo shi a kan kari.

"Ni na gani," Goggo ta shaida wa matan da ke kan benci, ɗaya bayan ɗaya. "Ina taɓa maɗigar na ce a'a. Yaran yanzu, da na bar ta ita da wanzami, da yanzu wani zance ake."

Matan suka dubi Mubaraka da tausayi. Ta sunkuyar da kai yadda ya dace, ta ja mayafi ta rufe fuskarta da ta yaron.

"Gaskiya ne, Goggo. Allah ya bar mana ke."

A ƙarƙashin mayafin, inda babu mai gani, ta sumbaci goshinsa ta raɗa masa sunansa.