Tsirkiyar da Ta Jure Gumin Hassane

Hassane mutumin Damagaram ne, shekara tara ke nan yana suyar kifi a wani shago a unguwar Bani Malik da ke Jidda. Tun da safe hannunsa na cikin ƙanƙara da gishiri da lemon tsami yana gyaran kifin najil da sha'ur, da rana kuma yana tsaye gaban kaskon mai. Idan ya samu hutun la'asar sai ya hau bene inda yake zaune da matarsa Rakia, ya sauko da jitarsa daga jikin bango. A kasuwar gwanjo ta Sawarik ya saye ta. Tsohuwa ce, gefenta duk ya kwarzane, amma itacenta mai kyau ne.

Damuwarsa ɗaya: hannunsa yana cin tsirkiya. Zai ɗaura sababbi na tagulla, masu sheƙi kamar awarwaron amarya, ranar farko su yi ta ƙara rau-rau har maƙwabta su leƙo. Kwana huɗu sheƙin ya tafi. Kafin sati ya zagayo sun yi baƙi da kore, in ya kaɗa sai ka ce kwali ake bugawa. Yatsunsa ma korewa suke yi, har farar rigarsa ta Juma'a ta samu rabonta.

"Maigida," in ji Rakia wata rana tana ɗaga rigar, "ko dai ka bar jitar nan, ko ka koyi wanki."

Wanda ya fi damunsa da tsiya shi ne abokinsa Mahadi, mutumin Injamena, direban wani gida a arewacin Jidda. Mahadi yana yini cikin mota mai sanyi, hannunsa a bushe, jitarsa sabuwa fil, tsirkiyarsa kan yi wata guda tana walƙiya. Duk ranar da ya zo sai ya ɗauki jitar Hassane ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Mutumina, wannan ba hannu ba ne, batir ne da ya fashe. Ka taɓa ƙofar motata ma sai na je an yi mata fenti."

Wani mai sayen kifi ne ya kwatanta wa Hassane shagon Abdulghaffar a Balad, tsohon garin Jidda. Ran Asabar da hantsi ya nemi izini, ya rungumi jita ya shiga tasi. Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu, ƙarƙashin tsohon gida mai tagogin katako. Abdulghaffar dattijo ne mai gyaran jita da udu, molon Larabawa, kakansa ne ya zo hajji a ƙasa daga Katsina bai koma ba. Shi Abdulghaffar a unguwar Karantina aka haife shi, a can yake aikinsa har aka rushe unguwar, ya kwaso kayansa ya dawo nan. Hausarsa tana nan daram, sai dai Larabci kan faɗo mata a tsakiya.

Ya karɓi jitar ya ja ɗan yatsa a kan tsirkiya, ya dubi abin da ya fito.

"Ya Ladif! Shekara nawa rabonka da canja su?"

"Kwana tara, Ammu," in ji Hassane, wato baffa da Larabci.

Dattijon ya sauke tabarau. "Miƙo hannunka." Ya juya tafin, ya shinshina, sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Kifi! Yarona, abokan gaba uku suka taru a kanka. Ga laimar Jidda, ga gishirin teku a cikin iska, ga guminka da lemon tsami. Tagulla ba za ta iya da ku ba."

Ya jawo akwati daga ƙarƙashin teburi ya fito da wani ƙunshi. Tsirkiyoyin ciki ruwan toka ne, ba sheƙi ko kaɗan.

"Ammu, ai waɗannan tsofaffi ne."

"Sababbi ne, haka launinsu yake. Nikel ne aka narka da jan ƙarfe, nikel ɗin ya fi yawa. Gumi ba ya kama shi da wuri. Amma ka saurara da kyau. Manyan huɗun nan ne kawai aka naɗe da shi. Siraran biyun ƙarfe ne tsurarsa, irin na kowa. In ba ka goge su da tsumma bayan ka gama, za su yi tsatsa. Fahimt?"

"Na gane."

Abdulghaffar ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, yana ja yana murɗa kunnen jitar, yana sake ja, har suka zauna. Ya miƙa masa. Hassane ya kaɗa sau ɗaya, ya sake kaɗawa, fuskarsa ta canja. Wannan ƙarar mai tashi sama da ya saba ji a sabuwar tsirkiya babu ita. Sautin ya fito a dunƙule, da kauri, ƙasa-ƙasa.

"Ammu, mura take yi?"

"Lafiyarta ƙalau. Da can waya kake ji, yanzu itacen kake ji. Jitar nan ta girme ka, ka bar ta ta yi magana da muryarta. Ka ba ta sati biyu. In ba ta yi maka ba ka dawo in mayar maka da tagullarka, halas."

Hassane ya koma gida ba da murna ba. Da la'asar ya zauna bakin taga yana kaɗawa yana rera wata waƙa da ya tsara kan kewar gida. Rakia tana tankaɗen gari a tsakar ɗaki. Can sai ta dakata.

"Ashe Birni kake cewa a wurin nan? Shekara biyu ina jin waƙar nan, ni na ɗauka biri kake cewa."

"Biri kuma? Me zai kawo biri cikin waƙar kewa?"

"To ina zan sani? Da jitar ke rufe maka baki. Yau dai ina jin abin da kake faɗa."

Wannan magana ta sa ya haƙura. Sati ya wuce, ya duba yatsunsa, babu kore. Sati biyu, sautin yana nan yadda ya baro shi a Balad. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sannu a hankali kunnensa ya saba, har ya fara jin daɗin yadda babbar tsirkiya ke amsawa a ƙirjinsa idan ya ja ta da babban yatsa. Ya canja salon kiɗansa ma ba tare da ya shirya ba, ya rage bugun gaba ɗaya, ya koma tsinkar su ɗaya-ɗaya kamar mai garaya. Maganar tsumma kuwa, ya yi ta kwana biyar ya manta.

Mahadi da ya gani bai yarda ba. "Wayar shanya aka sayar maka," in ji shi. "Ka bari ranar Obhur, jama'a za su raba mana gardama."

Kowace shekara bayan Babbar Sallah ƙungiyar 'yan Nijar da 'yan Cadi kan fita bakin teku a Obhur da iyalansu, a yi gashi, a yi hira. Bana an ce Hassane da Mahadi kowa zai yi kiɗa. Hassane ya je har Balad ya gayyaci Abdulghaffar, dattijon ya ce in sha Allahu.

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, iska kamar tururin tukunya. Aka kafa rumfuna biyu, maza a ɗaya, mata a ɗaya, aka shimfiɗa darduma a tsakani. Tsirkiyar Hassane ta kai wata biyu a jiki. Mahadi kuwa da safen nan ya ɗaura sababbi dal a cikin mota, don ya fito da cikakken sheƙi.

Bayan an ci an sha, aka ce Mahadi ya fara. Gaskiya bugun farko ya yi daɗi. Sautin ya tashi tar, ya ratsa ƙarar ruwa, har wasu masu kamun kifi daga nesa suka waiwayo. Mata suka ɗauki tafi. Amma sabuwar tsirkiya sai ta miƙe kafin ta zauna, ga kuma zafin rana. Bai kai rabin waƙa ba sauti ya fara karkacewa. Ya tsaya ya murɗa kunnen jita, ya ci gaba. Tafi ya dawo. Ba a jima ba ya sake tsayawa. A karo na uku wata dattijuwa mai suna Saudatu, haifaffiyar Jidda, ta ɗaga murya daga rumfar mata.

"Ya waladi, waƙa za ka yi mana ko tasha kake nema a rediyo?"

Wurin ya kaure da dariya. Mahadi ma ya yi, ya share gumi, ya nuna Hassane da haɓa. "Bismillah, mai wayar shanya."

Hassane ya zauna ya fara. Jitar ba ta goce ko kaɗan ba, sai dai a fili irin wannan muryarta ba ta kai nesa kamar ta Mahadi. Na baya suka ce ba sa ji. Maimakon ya ƙara ƙarfi sai ya ci gaba a hankali, mutane suka riƙa jawo tabarmi suna matsowa, har aka kewaye shi. Ya yi waƙar kewar gida, wani tsohon tela daga Tawa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ya shiga ta biyu mai sauri, tafi ya kama. Yana tsakiyar ta uku, ya kai yatsa kan siririyar ƙarshe, sai ji aka yi tas! Ta tsinke, ta lanƙwashe a iska.

Abdulghaffar, wanda ke kan kujera yana riƙe da sanda, ya miƙa hannu aka ba shi guntun. Ya duba, ga tsatsa ja a daidai inda ta karye.

"Ina tsumman da na ce?"

Hassane ya sunkuyar da kai. "Yana gida, Ammu."

"Yana gida yana hutawa, masha Allah."

Mahadi ya yi dariya har ya kwanta a kan darduma. Da ya tashi sai ya buɗe jakarsa ya zaro siririya sabuwa ya jefa wa abokinsa. "Ɗaura, kada ka kunyata mu gaban mata." Don kada tafin ya mutu, ya ɗauki tasa jitar, wadda zuwa lokacin ta fara zama, ya riƙe kiɗan daga inda aka tsaya.

Hassane ya ɗaura, amma ya san sabuwar ba za ta tsaya ba yanzu. Sai ya ƙyale ta, ya koma kan manyan huɗun nan, yana ba da gindin kiɗa. Mahadi ya ji haka, ya bar masa ƙasa ya haye sama, yana yawo a kan siraransa. Shekara shida suna abota, ba su taɓa kaɗawa tare ba, kullum sai dai wannan ya gama wancan ya karɓa. Sautin ɗaya ya zauna a ƙasa da kauri, na ɗayan yana tsalle a kansa, ba wanda ya danne wani. Suka dubi juna, Mahadi ya ɗaga gira.

Mata suka rangaɗa guɗa. Abdulghaffar ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya shiga fili yana juya sandarsa bisa kai irin rawar mutanen Hijaz. Tsohon telan nan ya ari sandar rumfa ya tare shi, rumfar ta karkata, aka yi ta ihu ana riƙe ta. Rakia na ɗauka da waya, dariya ta hana ta riƙe wayar daidai. Sai da ladanin wani masallaci da ke kusa ya kira la'asar sannan aka tsaya.

Ana naɗe tabarmi Saudatu ta aiko a kira mata su biyun.

"Jikata Jawahir ta kusa haihuwa," ta ce. "In Allah ya sauke ta lafiya, ku za ku yi mana kiɗan suna. Amma tare nake so, ba ɗaya-ɗaya ba. Kai kuma mai rediyo, ka ɗaura wayarka tun kwana uku kafin ranar."

"To, Hajiya," in ji Mahadi, kamar ba shi ba.

Daga nan suka riƙa haɗuwa duk Juma'a bayan masallaci a gidan Hassane suna gwaji. Gardama dai ba ta ƙare ba. Mahadi ya ce shi da tagulla mutu ka raba, don hannunsa ba ya cin ta, kuma yana son a ji shi daga ƙarshen layi. Hassane ya ce ya ji, kowa da abin da ya karɓe shi. Manyan tsirkiyoyinsa huɗu sai da suka kai watan Mauludi, wata biyar cur, kafin naɗin ɗaya ya fara warwarewa a inda yake yawan dannawa, ya koma Balad aka sa masa irinsu.

Jawahir ta haifi namiji, aka sa masa Yazan. Ranar suna da hantsi suka je gidan, aka ba su wuri a farfajiya ƙarƙashin inuwa. Suka yi waƙa biyar, biyu daga ciki da Larabci, don matasan gidan su samu abin amsawa. Jaririn bai farka ba har aka gama. Wani ƙanin Saudatu ya karɓi lambar wayarsu saboda bikin ɗansa da ke tafe, aka cika musu leda da dabino da soyayyen nama. Mahadi ya sauke Hassane a ƙofar shago ana kiran azahar, Hassane ya tarar da mutum shida a layi suna jiran kifi. Ya miƙa wa Rakia jitar ta hau da ita sama, ya naɗe hannun riga ya kunna wuta.