Allurar Muhsina

Dije kwana uku kacal ta yi a Abu Na'ama wajen zaman makokin ƙanin mahaifinta, amma da ta dawo Mai Wurno sai da ta yi da-na-sanin tafiyar.

'Yarta Muhsina, mai shekara goma sha huɗu, ciwon sukari ne ya faɗo mata rana tsaka. Cikin mako uku ta rame, tana shanye ruwan randa, tana zaryar bayan gida. Likita a Sennar ya ce jikinta ya daina sarrafa sukari gaba ɗaya, sai allura safe da yamma. Ya ja kunnen Dije: ko yarinya ta ci ko ba ta ci ba, kada a yanke allurar, in ba haka ba jininta zai zama guba. Dije ta koya wa Mairo, ƙanwar mijinta, yadda ake sokawa, sannan ta tafi.

Da rana ta shigo gida ta tarar da Muhsina a kan gado, ta yi amai har ta gaji, tana jan numfashi da ƙarfi, bakinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro. Kwalbar maganin na ƙarƙashin randa, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Mairo! Mi yah hana ki yi mata allura?"

"Baba yac ce a bari."

Baba Maliki, surukin Dije, shekara ashirin yana shan ƙwayoyin ciwon sukari, don haka duk unguwa shi ne likitan cutar. Ya gyara zama ya ce, "Ɗiyata, yarinya ta yi zazzaɓi, ba ta ci komi ba, sai a soke ta? Ni da nish sha magani da yunwa faɗuwa niy yi. Ruwan sukari munka ba ta, kamar yadda anka ba ni."

Ruwan sukari! Ciwon tsoho daban, na yarinya daban, amma wa ya isa ya faɗa wa suruki haka a gaban ɗiyarsa Mairo? Dije ta haɗiye maganar, ta goya Muhsina kamar jaririya, ta nufi tashar hafila, motar haya.

A asibitin Sennar aka rataya wa Muhsina ruwa, leda bayan leda, sai washegari ta buɗe ido. Likita ya hau Dije da faɗa, ga Baba Maliki tsaye riƙe da carbi.

"Wa ya hana ta allura?"

Dije ta dubi ƙasa. "Ni ce."

Da aka watse, ta ɗora sirinji a tafin Muhsina, ta damƙe mata yatsu a kai.

"Daga yau ke za ki soka ma kanki. Ko kakanki yah hana, ko ni nih hana, ki soka."