Da Hannunta Za Ta Kai

...kuma ba za ta tura ba. A'a. Ko sisi ba za su ƙara gani ba. Tela guda ta rufe shago da rana tsaka, ta bar rigunan makaranta goma sha biyu a kan keke ko maɓalli ba a sa ba, ga ta a kujerar bayan bas, buhun wani ya danne mata ƙafa, kuɗin aikin idon Inna ɗaure a ƙugunta.

Waya na ta ruri a jaka. Ƙaninta ne, daga asibiti. Ta san abin da zai ce, tun safe yake faɗa: "Yaya, don Allah ki turo kawai, harajin nawa yake?" Nawa yake — ji shi fa! Mai kaya ta turo kuɗin ɗinki, an yanka. Ita ta tura masa, a yanka. Ya je cirewa, a sake yanka. Kuɗi ɗaya, wuƙa uku... Su masu harajin ne suka zauna a kan keke har baya ya ƙage? Su allura ta soka?

Wai na gina ƙasa ne. To, ga ƙasar nan, bas na faɗawa rami yana fitowa, kanta na bugun rufi.

Kuma ita — abin da ke cin ranta ke nan — ita ta bi matan layinsu shago-shago. Mai kitso, mai gwanjo, har tsohuwar nan mai zare da ba ta iya danna lamba ba. "Ku buɗe asusun waya, kyauta ne, kuɗinku a tafin hannunku." Da bakinta. Jiya tsohuwar ta tsaya a ƙofar shago, ko zama ba ta yi ba: "'Yata, ke ma ana ba ki kaso ne?" Kaso! Sai da suka ga kowa ya shiga sannan suka ja ƙofa...

Kuɗin mota? Ta sani. Ya ninka harajin sau biyar, ta sani, kada wanda ya gaya mata. Gara direba ya ci, shi ko ba komai yana kai mutum wani wuri.

Baban yara ma haka ya ɗaure nasa kuɗin. A safa. Wannan hanyar, shekara shida ke nan, bayan gada kaɗan 'yan fashi suka tare su — takalminsa kawai aka kawo mata a leda. Ranar da ta buɗe asusun waya har kuka ta yi: shi ke nan, babu wani nata da zai sake bin hanya da kuɗi a jiki. Babu.

Ba gadar ba ce suka wuce yanzu? Me ya sa direba ke rage gudu? Rami ne. Rami ne kawai, ba za ta leƙa ba, ba za ta sauka ba...

Ƙarfe biyu yara ke tashi daga makaranta. Ba ta gaya musu ba. Makullin gidan ma — ta laluba — yana jakarta.