Yara Ukun da Montalejo Ta Jira

Kafin Mato ya zo Dubai, shekara shida ya yi yana kiwon tumaki a Montalejo, wani ƙauye da ke kan duwatsun ƙasar Sifen. Lokacin da ya isa can daga Damagaram, mutum ɗari da ashirin ne a garin. Ran da ya bar shi ba su kai tamanin ba. Duk ƙauyukan gundumar haka suke: matasa sun gudu birni, tsofaffi suna mutuwa, gidaje a garƙame.

Shugabar garin, wata dattijuwa mai suna Remedios, ita ta tsaya masa har ya samu takardar zama. Wata rana ta same shi a garke ta ce za a rufe firamarensu in yara ba su kai shida ba, ga shi saura uku.

"Kawo matarka da 'ya'yanka ukun nan," in ji ta. "Gida kyauta ne, takardu kuma ni zan bi."

Ya amsa mata. Ta sa aka yi wa gidan fenti, ta rubuta sunayen yaran ta kai wa hukuma.

Ana cikin haka, a 2017, Sanda, yayan matarsa, ya kira shi: akwai aiki a shagonsa na kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor ta Dubai, albashi ninki biyu, ga masallaci kusa. Mato ya ce wa Remedios zai je ya ɗauko iyali. Ya wuce Dubai, ya canza lambar waya, daga baya iyalinsa suka biyo shi can.

Bayan shekara biyu, yana cin abincin rana a shago, ya buɗe tsohon shafinsa na Facebook, ya tarar da saƙonta. An rufe makarantar. Iyayen yaran ukun da suka rage a cikinta sun kwashe sun koma birni, har da mai gidan burodi. A ƙarshe ta rubuta: "Ina fata dai lafiya kake."

Ya ture abincin gefe. Da ya koma gida a unguwar Al Qusais, ya zayyana wa matarsa Hannatou komai, don bai taɓa gaya mata alkawarin ba.

Hannatou ta ce: "Baban Jummai, ni ma da ka tambaye ni, nan zan zaɓa. Amma ka bar tsohuwa tana jira? Kira ta."

Ya kira. Remedios ta gane muryarsa nan take, ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya ba ta haƙuri da ɗan Sifaniyancin da ya rage masa.

"Na zaci wani abu ne ya same ka a hanya," ta ce. "Har 'yan sanda na tambaya."

Tun daga ranar yake kiranta duk Juma'a. Ba ta sake tayar da maganar makarantar ba, shi kuma bai taɓa iya tambayarta mutum nawa suka rage ba.