Rigar Wayar Salma

Madam Nkoli, mai shagon kayan waya, ta ɗaga wayarta sama da kanta ta sake ta. Wayar ta bugi simintin shagon, ta yi tsalle sau biyu, ta kwanta kusa da takalmina. Ko alamar tsaga babu a gilashinta.

"Kun gani ko? Wannan fauc, ko tifa ya taka shi, waya ba zai ji komai ba," in ji ta, tana nuna rigar wayar, da irin Hausarta ta kasuwar Taminus.

Ni ba wayar nake kallo ba, ƙanwata Salma nake kallo. Tun kafin wayar ta kai ƙasa ta riga ta kare fuskarta da hannu biyu, ta manne da bango. Da ta ga mun zuba mata ido sai ta yi 'yar dariya, ta shiga gyara hijabinta kamar shi ne ya dame ta.

Raina ya ƙara ɓaci. Tun ƙarfe goma muke shagon nan, an zube mana rigunan waya sun fi ashirin, Salma ba ta ga wadda ta yi mata ba. Wannan ta yi kauri, waccan ta yi nauyi, ga wata tana da kyau amma ba ta shiga aljihu. Ni kuma na baro kwanon waina a hannun maƙwabciya, ga ruwan Jos da ba ya sallama ya fara haɗo gari.

*

Wannan ce waya ta uku da Salma ta riƙe cikin wata takwas, kuma duk gidanmu an san abin da ya cinye biyun farko. Mijinta Zubair ne ya maka su da bango.

Salma kindirmo take sarowa daga Vom, ta ɗura a robobi ta kai wa masu shaguna da ma'aikatan ofis. Duk cinikin a waya ake yinsa, shi ya sa ta sayi babba, mai faɗin tafin hannu, don hoton kaya ya fita. Zubair kuwa ba ya ƙaunar jin wayar ta yi ƙara. Ko wane ne ya kira, kwarto ne a wurinsa, har da tsohuwar Bafulatanar da ke auna mata nono. Amma kuɗin kindirmon bai taɓa cewa yana wari ba.

Da ya fasa ta biyun na ce wallahi an isa. Na tasa ta gaba daga Tudun Wada har Gada Biyu, wurin Baffa Gwadabe, ƙanin mahaifinmu, wanda ya ɗaura mata aure. Na zaci za a kira Zubair a yi masa tatas. An dai kira shi. Ya zo da farar shadda da ledar ayaba, ya durƙusa har ƙasa, ya ce sharrin zuciya ne. Baffa ya dube shi kamar ya samu sabon ɗa.

"To ai ya amsa laifinsa," in ji Baffa. "Ke kuma Salma, namiji sai da lallami. Kuma ni a ganina wayoyin nan na zamani ne ba su da ƙwari. Da tana da riga ta kirki, ai da ba a kai ga tara mutane ba."

Na buɗe baki na kasa rufewa.

"Baffa, yanzu wayar ce mai laifi?"

"Maimunatu, bakinki ya cika kaifi. Mu gyara muke nema, ba rabuwa ba. Ki raka ta kasuwa ki zaɓo mata mai ƙwari, irin wadda masu aikin gini ke sawa."

Hukuncin da manyan gidanmu suka yanke ke nan, mutum biyar masu furfura, bayan awa biyu da tulin nasiha. Aka shafa fatiha, aka raba ayaba. Umma tana ƙofar ɗaki tana share ido da gefen mayafi. Kafin la'asar Salma ta koma ɗakinta.

*

Madam Nkoli ta sunkuya ta ɗauki wayarta, ta zare rigar ta miƙo mana. Baƙa ce, kusurwoyinta huɗu a kumbure kamar tayar babur, da murfi mai rufe gilashi.

"Ita za mu ɗauka," na ce. "A sa mata, mu tafi."

Salma ta karɓa ta juya ta a hannu. Ta sa wa wayarta, ta ɗaga gefen hijabi ta gwada tura ta cikin aljihun da ta ɗinka a siket ɗinta. Rabi ya shiga, rabi ya tsaya a waje.

"Yaya, ba ta shiga."

"To ki faɗaɗa aljihun mana! Baffanki tela ne, da ma shi ya kawo shawarar."

"In ta yi tudu zai gani. In bai gan ta ba wani lokaci mantawa yake yi."

Ta miƙa hannu ta ɗauko wata da ta ajiye gefe tun ɗazu, siririya, garai-garai, mai laushi kamar ledar burodi. Madam Nkoli ta girgiza kai.

"A'a, Hajiya, wannan na gayu ne kawai. In ya faɗi daga tebur ma, sikirin ya tafi. Ni ba zan cuce ki ba."

"Ita nake so."

Nan haƙurina ya ƙare. Na manta a shagon mutane muke.

"Salma, ke wace irin mutum ce? Awa biyu kin tsayar da ni! An ce ki ɗauki mai ƙwari kin ɗauki leda. So kike ya fasa ta uku? Kin san wahalar da kika sha kafin ki sayi wannan? Ko kindirmon a bakin rafi kike ɗiba?"

Ba ta ɗaga murya ba. Salma ba ta taɓa iya faɗa ba, ni na kwashe rabonta tun muna yara.

"Yaya, ta biyun ai tana da riga. Mai kyau ce ma."

"To, sai aka yi yaya?"

"Sau uku ya buga ta ba ta fashe ba. Sai ya ƙara hawa." Ta sunkuyar da kai tana shafa gefen wayar da babban yatsa. "Kin tuna ranar da na ce miki na zame a banɗaki, hannuna ya kumbura? Ranar ce. Sai da ya cire rigar ya taka wayar sannan ya fita. Ta farkon kuwa bugu ɗaya ta tarwatse. Ya tsaya ya kalle ta, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Ko taɓa ni bai yi ba."

Na ji kunya ta rufe ni, ta haɗu da baƙin ciki. Ni da nake ganin na fi su Baffa hankali, ashe saƙonsu na zo isarwa, har da tsawa.

Madam Nkoli ba ta ƙara cewa komai a kan ƙwari ba. Ta karɓi wayar, ta zare baƙar rigar, ta goge gilashin da kyau, ta sa mata siririyar. Da za ta miƙa sai ta riƙe hannun Salma.

"Ƙanwata, kina da wurin zuwa?"

Salma ta dube ni, ta yi murmushi.

"Ina da 'yan'uwa, Madam."

*

A bakin titi yayyafi ya fara sauka. Na riƙe mata hijabi.

"Ki biyo ni gidana. Yau ɗin nan. Mu biya makaranta mu ɗauki ɗanki Ashraf, kayanki a bar masa."

"Gobe da safe Baffa zai zo da kansa ya mayar da ni, kin sani. Kuma sai na biya kuɗin tafiyar a jikina."

Na so in ce ƙarya ne, amma na san gaskiya ta faɗa. Mijina ma kunyar Baffa yake ji, shi zai fara cewa in bar shiga tsakanin mata da miji.

Mai Keke Napep ya tsaya yana kiran Tudun Wada. Salma ta kashe ƙarar wayar, ta zura ta cikin aljihu, ta shige sumul. Ta saki hijabin, ta ɗan juya gefe ta miƙe tsaye a gabana.

"Yaya, duba min. Ana gani?"

Na dube ta daga sama har ƙasa. Hijabin ya sauka lafiya lau, a goge, ruwan toka.

"Ba a ganin komai," na ce.

Ta ce alhamdulillahi, ta shiga keken.