Masu Farar Riga a Gadon Yaya

Direba yana da wani ɗan rauni: duk wanda ya sa farar riga sai ya miƙe masa, ko da mahauci ne. Don haka ɗaliban likitanci ba su gama kewaye gadon yayansa ba, ya riga ya bar musu kujera, yana ta "sannunku, likitoci."

Yaya kuwa ciwon daji ya gama cin sa. Allurar rage zafi ta sake shi tun hantsi, yana ta murƙususu yana cizon matashi. Wanda zai ƙara masa ita Direba yake jira.

Ɗaliban suka leƙa fuskar Yaya, suka ɗan ja gefe. Ashe gobe suna da muhawara a aji: ko ya halatta likita ya hutar da marar lafiyar da ba zai tashi ba.

"Ni dai a wajena tausayi ne," in ji wata mai tabarau. "Allura ɗaya, mutum ya tafi da mutuncinsa."

"Malama, kisa ne, ko kin fesa masa turare," in ji wani dogo, yana jingine da ƙarfen da aka rataye ledar ruwan Yaya. "Ran naki ne?"

"Ka ji liman! Kai da jiya ka ga jini ka nemi wurin zama."

"Ke da kika mayar da hannun mutum rariya ba ki sami jijiya ba?"

Aka kwashe da dariya. Direba ya ƙare musu kallo. Yaran da ko gemun kirki ba su tara ba, suna kasafta rai da mutuwa kamar masu rabon gado. Shi kuma, ƙato da furfurarsa, ga shi tsaye, hannu a baya, sai ka ce ɗan aike.

Yaya ya yi wani nishi da ya sa na gadon kusa ya juya fuska bango.

"Ranku ya daɗe," in ji Direba, "ni ban ce ku kashe shi ba, ban ce ku raya shi ba. Allurar zafin nan dai. Wanda ya fi tausayi a cikinku ya taimaka."

Mai tabarau ta hau gyara abin sauraren ƙirji a wuyanta. Dogon ya sauke kafaɗarsa daga ƙarfen.

"Baba, sai dai a jira babban likita. Yana ɗakin tiyata," in ji dogon.

"Ku fa?"

"Mu 'yan aji huɗu ne."

Ɗan aji huɗu ba a yarje masa ya rubuta ko maganin ciwon kai ba.