Kala Uku

Wata uku da komawar sojoji bariki, matar sabon kansilanmu, Hajiya Ikram, ta shigo gidanmu a Ƙofar Ruwa da takardu a hannu. Wai ita aka ɗora wa wayar da kan mata a kan cin abinci kala-kala. Ikram ɗin da muka taso tare muna rigimar ƙanzo a bakin murhu, yau ita ce ta ƙi zama a tabarmata saboda leshinta.

Ta ware wata babbar takarda mai hoton kifi da ƙwai da lemo, ta ce, "Malama Sa'ida, jiya abinci kala nawa kika ci?"

Wai Malama! Na dube ta sama da ƙasa, na ce, "Uku, Hajiya. Da safe ɗumamen tuwon shekaranjiya. Da rana na jiƙa ƙanzonsa na kwaɗa da gishiri da barkono. Da yamma na tuƙa sabo."

Duk masara ce, miyar kuma kuka, ta sani sarai. Na jira ta ji kunya. Sai ta sunkuya ta rubuta uku, har da cewa, "Madalla, haka ake so."

Ta bar mini takardar hoton, ta fita tana tattare zani kada ya taɓa kwata.

Ban yar da takardar ba. Da ita nake rufe kwano saboda ƙuda. Tun da aka dawo mulkin farar hula, kullum da kifi a kan tuwona.